Bakin Alaramma ya bushe: nazari kan wani majinyaci a Garwa da batun allurar ƙwayoyin tushe

Saura kwanaki kaɗan a kama azumi aka kawo mini shi ɗakin duba haƙori da nake aiki a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Dattijo ne mai shekara 58, mahaddaci, ya fi shekara ashirin yana jan baki a tafsirin watan Ramalana a masallacin unguwarsu. Na sakaya sunansa, zan riƙa ce masa Alaramma kamar yadda kowa ke kiransa. Abin da idona ya fara kai wa gorar ruwa ce a hannunsa, a inda aka saba ganin carbi. Kafin mu gama gaisawa ya kurɓa sau uku.

Babban ɗansa, mai shagon kayan waya a kasuwa, shi ya yi bayani. Ba ciwon haƙori ne ya kawo su ba, ko da yake akwai shi. Bushewar baki ce, wadda gashin na'ura da aka yi wa mahaifin don maganin sankara ya bar masa. Takarda suke so in rubuta musu a kan halin da bakin mahaifinsa yake ciki, za su aika wa wani dillalin asibitocin waje da suka haɗu da shi a WhatsApp. Ɗan ya ce: "Likita, an tabbatar mana akwai allurar ƙwayoyin tushe, sau ɗaya ake yi, duk abin da gashi ya ƙona sai ya farfaɗo. Baba zai koma karatunsa." Ƙwayoyin tushe su ne ƙananan ƙwayoyin halittar jiki da ke iya hayayyafa su maye gurbin waɗanda suka mutu. Kuɗin da aka yanka musu, in an haɗa da jirgi da masauki, sai an sayar da gonarsu ta bakin kogin Binuwai. Har an fara taya ta.

Na roƙi su ba ni mako guda kafin in rubuta komai.

Yadda aka zo nan

Kusan shekara biyu kafin zuwansa, hancinsa ya toshe gefe guda, haɓo yana zuwa jefi-jefi, kunne ɗaya ya daina ji sosai. An sha maganin mura, an sha na gargajiya, sai da ƙullutu ya fito a wuya aka yanki tsoka aka gwada. Sankara ce ta bayan hanci, can inda hanci yake haɗuwa da maƙogwaro. Wuri ne da wuƙar likita ba ta kai masa da sauƙi, shi ya sa babban maganinta gashi ne da na'ura, tare da maganin sankara da ake sawa ta jijiya. Suka hau mota zuwa Ngaundare, suka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga nan sai Duwala. Takardar sallamarsa ta nuna zama 35, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai, kowane zama gire 2, jimilla gire 70. Gire shi ne ma'aunin yawan hasken na'urar gashi da jiki ya sha.

Bari in faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta ya tsorata: gashin nan shi ne sanadin da Alaramma yake raye. Ƙullutun ya tafi, hotunan da aka sake ɗauka ba su nuna cutar ta dawo ba. Wanda likita ya ce ya je gashi, ya je. Abin da nake bayani a kai shi ne abin da ya bari a baya.

Maɓuɓɓugan yawu manya guda shida ne, uku a kowane gefe. Biyu a gaban kunne, wurin da hangum ke kumbura wa yara. Biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu kuma a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da kumatu da ganɗa. Tsakaninsu suna fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Na ƙarƙashin muƙamuƙi su ke ba da mafi yawan yawun da ke jiƙa baki lokacin da mutum yake zaune kawai, na gaban kunne kuma su ke kwararo da shi idan an fara tauna. Hasken da aka nufi bayan hanci da wuya da shi dole ya ratsa ta cikinsu. Kuma suna da rauni ga haske fiye da yadda mutum zai zata: a makon farko ma yawu kan ragu da kusan rabi. Likitocin gashi suna ƙoƙarin kada matsakaicin abin da na gaban kunne za su sha ya wuce gire 26, domin ƙasa da haka sukan farfaɗo cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Idan ya zarce sosai, ƙwayoyin da ke tatso yawun su mutu, tabo ya maye gurbinsu.

Akwai salon gashi da kwamfuta ke lanƙwasa hasken ya bi siffar ƙari ya kauce wa maɓuɓɓugan, likitoci suna taƙaita sunansa da IMRT. A gwajin PARSPORT na Birtaniya da aka wallafa a 2011, bayan shekara guda kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka gasa da tsohon salo suna fama da bushewar baki matsakaiciya ko mai tsanani, na sabon salo kuwa kashi 38. Alaramma tsohon salon ya samu, shi ne abin da aljihu da lokaci suka ba da dama. Ba a kuma duba haƙoransa kafin a fara ba, alhali wannan ne lokacin da ya kamata a cike na cikewa a cire na cirewa. Ba na ɗora wa kowa laifi. Mutumin da ya taho daga arewa da ƙari a wuya, yana lissafin kuɗin masauki kowace safiya, ba ta haƙori yake yi ba.

Abin da na gani a bakinsa

Madubin da na sa masa ya manne a kumatu sai da na ɓanɓaro shi. Harshen ja ne, ya tsattsage kamar fadama a bazara. Ɗan yawun da ke akwai mai kauri ne, yana jan zare. Ganɗa da gefen harshe sun yi fari-fari da ƙwayar funfuna, ita ke sa masa raɗaɗin da ya hana shi cin yaji. Bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu. Haƙoran kuwa su suka fi tayar mini da hankali: ruɓewa ta zagaye wuyan kusan kowanne daidai bakin dasashi, baƙi-baƙi, har da tsinin na gaba, wuraren da a lafiyayyen baki ba kasafai suke ruɓewa ba. Turmi ɗaya na ƙasa ya riga ya karye.

Na zaunar da shi minti biyar ya sunkuya yana barin yawu ya zuba a kofi ba tare da ya haɗiye ba, na zuƙe da sirinji na auna. Mililita 0.3 ne kacal, wato 0.06 a minti. Lafiyayye kan ba da 0.3 zuwa 0.4 a minti, duk abin da ya yi ƙasa da 0.1 kuma ana lissafa shi ƙarancin yawu. Da na ba shi cingam marar sukari ya tauna, abin ya ninka kusan sau huɗu. Wannan ya faranta mini rai, domin ya nuna akwai sauran rai a maɓuɓɓugan.

Mutane kan ce ai sai ya yi ta shan ruwa. Yana sha, har ya hana shi barci da tashi fitsari. Yawu kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, amma aikin yana cikin ɗayan da ya rage. A ciki akwai yauƙin da ke sa harshe ya zame a kan ganɗa, akwai gishirin bikarbonat mai kashe tsami kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya, akwai kalsiyam da fosfet masu gyara fatar haƙori bayan kowane cin abinci, akwai kuma masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wucewa ne kawai, bayan minti biyu baki ya koma yadda yake. Ga mai jan baki abin ya fi muni. Ya ce mini: "Ɗana, ra ba ta karkaɗawa, lam tana maƙalewa. Aya biyu sai in tsaya. Almajiraina suna jin kunyar gyara mini."

Da na bincika yadda yake lallaɓa kansa, sai na ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Alewa ba ta barin bakinsa, shayi mai sukari sau huɗu a yini, folere mai sanyi da rana, wani lokaci ya tsotsi lemon tsami ko tsamiya don su tsinko masa yawu. Suna tsinkowa kuwa, amma sukari da tsami a bakin da ba shi da abin wanke su guba ne ga haƙori. Ga goro. Ga kuma ƙwayar mura mai sa barci da yake saya a kanti yana sha kowane dare, wadda ita kanta busar da baki take yi.

Maganar ƙwayoyin tushe

A cikin makon nan na zauna na bi abin da aka wallafa, domin ban so in ce wa yaron ƙarya ce ba tare da hujja ba. Kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, nan ne wahalar take. Bincike ne na gaske, manyan jami'o'i ke yin sa. Sai dai hanya biyu ce daban-daban, dillalin kuma ya cakuɗa su.

Ta farko ta Jami'ar Groningen ce a ƙasar Holan, inda Farfesa Rob Coppes da abokan aikinsa suka daɗe a kai. A 2008 sun nuna cewa idan aka ɗebo ƙwayoyin tushe daga maɓuɓɓugar lafiyayyen ɓera aka raine su a ɗakin gwaji, aka dasa wa wanda aka gasa, yawu yana dawowa. A 2015 suka gano cewa a maɓuɓɓugar gaban kunne waɗannan ƙwayoyi sun fi taruwa a kewayen manyan bututun da yawu ke bi, don haka kare wannan yanki daga haske yana da muhimmanci na musamman. Sai a Disambar 2022 aka yi wa mutum na farko. Ga yadda abin yake: kafin a fara gashi ake yanko ɗan yanki daga maɓuɓɓugar majinyacin, a raini ƙwayoyin su yawaita, a adana, bayan an gama gashi a mayar masa da su ta allura. Shekara goma sha huɗu ke nan tsakanin ɓera da mutum na farko, kuma matakin farko na irin wannan gwaji tambayarsa ita ce ko abin yana cutarwa.

Ta biyu ta asibitin Rigshospitalet ce a Kopenhagen ta ƙasar Danmak. Su ba daga maɓuɓɓugar suke ɗebowa ba, daga kitsen jiki ne. Ana tace wasu ƙwayoyi daga kitsen, a raine su, a yi allurarsu cikin maɓuɓɓugan ƙarƙashin muƙamuƙi. Abin da masu binciken suke zato shi ne ƙwayoyin ba sa rikiɗewa su zama masu tatso yawu, sinadarai suke fitarwa masu rage kumburi da tabo, su ƙarfafa abin da ya tsira. Gwajinsu na farko, MESRIX, da aka wallafa a 2018, mutum 30 ne, kuma ya ba da fata: yawun waɗanda aka yi wa allurar ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari bayan wata ɗaya, kashi 50 bayan wata huɗu. Na lura wannan kashi 50 ɗin shi ne yake yawo a bidiyon da aka turo wa yaron. Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne an sake gwajin da mutum 120, aka wallafa a 2024. Rabi aka yi musu allurar ƙwayoyin, rabi aka yi musu wadda ba ƙwayoyi a ciki, ba wanda ya san wacce ya samu. Bayan wata huɗu yawun rukunin farko ya ƙaru da kashi 38, na rukuni na biyu da kashi 21, kuma da aka yi lissafi bambancin bai kai a ce allurar ta fi ba. Dukkan ɓangarorin biyu sun ce sun ji sauƙi.

Lissafin kashi cikin ɗari yana ruɗin mutum idan abin da aka fara da shi ɗan mitsitsi ne. Kashi 38 ɗin nan mililita 0.04 ne a minti, bai cika ɗigo ɗaya ba. A awa guda kusan rabin ƙaramin cokalin shayi. Ga wanda bakinsa ya bushe ƙamas wannan ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne "Baba zai koma karatunsa" ba. Akwai wasu ƙananan gwaje-gwajen a Amurka, na ƙwayoyin ɓargo a Jami'ar Wisconsin da na shigar da wani ƙwayar gado mai buɗe wa ruwa hanya a cikin bututun yawu, duk suna matakin gwaji. A gwaji na gaskiya kuma ba majinyaci ke biyan kuɗin allurar ba, ana zaɓensa ne bisa sharuɗɗa, a bibiye shi wata da watanni. Wanda ya ce kawo miliyoyi a yi maka yau ka hau jirgi jibi, wani abu yake sayarwa daban. Ban san me ke cikin sirinjinsa ba, shi ma dillalin da muka tambaye shi sunan gwajin da lambar rajistarsa, hoton ginin asibiti ya turo.

Ranar da suka dawo na rasa yadda zan fassara duk wannan, sai na koma gona. Na ce: "Allah gafarta Malam, a ɗauka gobara ta ci gona har da rumbu. Mutanen Holan dabararsu ita ce a kai iri rumbun maƙwabci kafin wutar ta tashi. Naku ba a kai ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Danmak kuwa taki suke zubawa a kan abin da wuta ta rage." Ya yi shiru, ya kurɓi ruwa, ya ce: "Taki ai ba ya tsira, ɗana. Sai dai ya taimaki abin da ke ƙasa." Na ce haka ne, kuma masu takin da kansu sun auna sun ce ba su tabbatar ya fi ruwan banza ba tukuna.

Ɗan bai ji daɗi ba. Ya ce: "To Likita, mu zauna ke nan mu zuba ido?" Na fahimce shi. Shi ya yi jinyar Duwala, shi ya kwana a kan tabarma a bakin ɗaki mako bakwai, yana son abu guda babba da zai yi ya ga mahaifinsa ya dawo. Abin da nake da shi kuwa ƙananan abubuwa ne masu gajiyarwa, na kullum. Alaramma ne ya raba gardamar: "Bar gonar nan, ƙannenka na ci daga ita."

Abin da muka yi

Funfunar muka fara kashewa da magani na mako biyu, raɗaɗin ya lafa. Ƙwayar mura ta dare aka daina. Alewa, lemon tsami da tsamiya aka sallame su, cingam marar sukari ya maye gurbinsu, tunda mun ga yana tsinko yawu. Shayi ya ƙi bari, muka daidaita a kan sau ɗaya, tare da abinci, ya kuskure baki bayansa. Goro ya rage da kansa don ya ce yanzu kamar ƙasa yake ji. Na haɗa masa ruwan kuskure baki: ƙaramin cokali ɗaya na bikarbonat na kantin magani da ɗaya na gishiri a lita guda ta ruwa. Bikarbonat na ce, ba kanwar miya ba. Man goge baki na kanti yawanci fulorayid ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, 1450 ne a ma'auninsu, irin bakinsa kuwa mai 5000 yake buƙata, sai da muka sa aka kawo daga kudu. Ya goge da buroshi mai laushi, ya tofar, kada ya bi da ruwa. Asuwaki bai bari ba, na ce ya jiƙa shi ya yi laushi kada ya fasa dasashi. Na koya masa motsa muƙamuƙi safe da yamma don kada bakin ya ƙara rufewa.

A wajen abinci uwargidansa ta riga ni. Tun dawowarsu ta lura tuwo ba ya wuce masa sai da miyar yauƙi, ta koma kuɓewa da karkashi da lalo da kuka, tana sassauta tuwon. Kilishi da soyayyen kifin Binuwai sai kallo. Yauƙin miyar yana yin kusan aikin da yauƙin yawu ke yi wajen haɗiya. Kunu da fura kawai na ce a rage musu sukari.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro da ke bibiyarsa ya rubuta masa pilokarpin, miligiram 5 sau uku a yini, bayan ya tabbatar ba shi da asma ko hawan jinin ido. Maganin yana matsa wa ragowar maɓuɓɓugan su yi aiki, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Amma yana sa gumi, ga shi an shiga zafin Garwa da ke haura digiri 40. Bayan kwana goma ya ajiye shi. Da damina ta sauka ya sake gwadawa, wannan karon ya jure. Likitan ya kuma sa a auna masa aikin tayiroid, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo, domin gashin wuya kan raunana ta a hankali.

Turmin da ya karye shi ne abin da na fi jan kunnensu a kai. Ashe har ɗan ya taɓa shirin kai shi wurin mai cire haƙori na kasuwa. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa da ya sha haske jininsa ya ragu, idan aka cire haƙori ramin na iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu ya fara ruɓewa, kuma wannan haɗari ba ya gushewa da shekaru. Na kashe jijiyar haƙorin na rufe shi, na bar saiwar a wurinta. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cikewa, zama shida.

Batun azumi ban sa baki ba, ya fi ni sanin hukuncin marar lafiya. Na gaya masa abin da na sani na jiki kawai. Ya gwada kwana uku yana kuskure baki yana tofarwa, a na huɗu harshen ya fashe da jini, ya sha, ya ciyar. Jan baki na wannan shekarar wani almajirinsa ne ya yi, shi yana gefe yana bi da ido.

Bayan wata takwas na sake aunawa: 0.09 a minti yana zaune. Ko maganin ne, ko barin ƙwayar mura, ko ragowar farfaɗowar da jiki ke yi da kansa, ba zan iya rarrabewa ba, kuma har yanzu yana ƙasa da iyaka. Sabon rami ɗaya kawai na samu. Yana tashi sau biyu da dare maimakon biyar. Ya koma karantar da yara da asuba, lokacin da iska ke da sanyi, yana karanta shafi guda kafin ya nemi gora. Ya ce in Allah ya kai mu azumi mai zuwa zai roƙi a mayar da tafsirin bayan tarawihi don ya ja ko da rabin hizbi ne da ruwa a gefensa.

Ɗan har yanzu yakan turo mini bidiyo, ni kuma in tambaye shi mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su. Na ƙarshe da ya turo shi da kansa ya rubuto a ƙasa: "Wannan ma ɓeraye ne, Likita." Gonar an shuka mata masara bana. Alaramma zai dawo wata uku masu zuwa in shafa masa fulorayid in duba saiwar turmin nan.